Idan Sha'awarku Ta Bambanta: Yadda Ma'aurata Za Su Gano Inda Gizo Ke Saƙar

Wata bakwai bayan na haifi ɗana na biyu, wani dare maigidana ya zauna a bakin gado ya tambaye ni da murya ƙasa-ƙasa ko akwai laifin da ya yi mini. Na ce babu. Ya ce to me ya sa duk sanda ya matso sai in juya masa baya? Na rasa amsa, domin ni kaina ban sani ba. Ina ƙaunar mutumin nan, ban gaji da shi ba, amma jikina ya yi tsit kamar gidan da aka ɗauke wa wuta. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kullum ina tare da masu jego, amma ko sau ɗaya ban taɓa haɗa shayarwar da nake yi da abin da ke faruwa a ɗakina ba.

Shekara 16 ke nan da wannan dare. Tun daga lokacin nake buɗe kunne sosai idan mace ta gama abin da ta ce ya kawo ta, ta ɗauki jakarta, ta kai bakin ƙofa, sannan ta waiwayo ta ce, "Sista, akwai wata 'yar tambaya." Wannan 'yar tambayar ita ce ta fito da ita daga gida. Maza ma suna yi, sai dai kunya kan sa su ce abokinsu ne ke fama. Zancen kusan ɗaya ne: ɗaya yana so, ɗaya ba ya so, kowa kuma ya ɗauki fassarar da ta fi ciwo. Mai so ya ce an daina ƙaunarsa. Wanda ba ya so ya ce wani abu ya lalace a jikinsa. Hanyar da nake bi da su ita ce wadda na fara bi da kaina: kafin a nemi magani, kafin a ɗora wa wani laifi, a fara gano abin da ke danne sha'awar.

Abu na farko shi ne gyara tambayar da ake yi wa kai. A shekarar 1966 William Masters da Virginia Johnson, masu bincike a birnin St. Louis na Amurka, suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi kan maza da mata kusan 700, inda suka auna abin da jiki ke yi yayin saduwa. Suka kasa shi mataki huɗu: motsuwa, sai tsayawa a kan motsuwar tana ƙara ƙarfi, sai inzali, sai lafawa. Bayansu wata likita, Helen Singer Kaplan, ta ƙara sha'awa a gaban matakan. Sai hoton ya zama kamar tsani: sha'awa ce ke fara zuwa da kanta, sauran su biyo baya. Duk wadda ba ta jin matakin farko sai ta ɗauka tsaninta ne ya karye.

A shekarar 2000 wata likita a Vancouver ta ƙasar Kanada, Rosemary Basson, ta nuna cewa mata da yawa, musamman waɗanda suka daɗe da aure, ba ta wannan ƙofar suke shiga ba. Mace za ta kasance ba ta jin komai, ba so ba ƙi. Sai kusanci ya zo, hira mai daɗi, taɓawa mai taushi, jiki ya fara amsawa, sannan sha'awar ta iso daga baya. Akwai wutar da ashana ɗaya ke kunnawa, akwai garwashin da ke kwance ƙarƙashin toka sai an fifita shi. Dukansu wuta ne. Kuma akwai maza masu irin na garwashi, akwai mata masu irin na ashana, mutum ɗaya ma yakan sauya daga wannan zuwa wancan da shekaru.

Saboda haka, 'yar'uwa, kada ki tsaya kan "Ina jin sha'awa haka kawai da rana tsaka?" Tambayi kanki: "Idan muka fara cikin natsuwa, jikina yana amsawa? Ina jin daɗi? Bayan mun gama ina farin ciki da an yi?" Idan amsar e ce, lafiyarki ƙalau, lokaci da yanayi kawai kike buƙata. Idan kuwa ko an fara babu abin da ke motsawa, ko akwai zafi, ko kina jin kamar ki gudu, to akwai abin dubawa, zan zo kansa. Sai dai in ja kunnen maza a nan, domin na taɓa ganin an karkatar da wannan bayani. Ba lasisi ba ne na a matsa wa mace a ce ai za ta so daga baya. Garwashin yana kamawa ne idan ita ta yarda a fara, kuma ta san duk lokacin da ta ce a tsaya za a tsaya.

Abu na biyu shi ne wanda na fi daɗewa a kansa da kowane ma'aurata. Wasu masana biyu a Cibiyar Kinsey ta Jami'ar Indiana, John Bancroft da Erick Janssen, sun bayyana cewa ƙwaƙwalwa na tafiyar da sha'awa da abu biyu a lokaci guda, kamar totur da birki a mota. Totur yana amsa abin da ke jan hankali: ƙamshi, kallo, murya, taɓawa, tuna wani dare mai daɗi. Birki kuma yana sa ido kan duk abin da ke cewa yanzu ba lokaci ba ne: gajiya, tsoron ɗaukar ciki, fushin da ba a furta ba, yaro da zai iya turo ƙofa, kunyar yadda jiki ya koma bayan haihuwa, bashi, zafin da aka ji a karon baya. Mutane sun bambanta a ƙarfin kowanne. Wani birkinsa da ƙyar yake kamawa, wata kuma tarin yaro daga ɗaki na gaba ya isa ya tsayar da komai.

Kuskuren da na fi gani shi ne taka totur alhali ƙafa na kan birki. Ana sayen sabbin kayan barci, ana neman ƙwayoyi, ana ƙara matsa lamba, motar na kuka tana hayaƙi ba ta gusa ba. Ga abin da nake sa mutane su yi. Kowa ya samu takarda shi kaɗai, ya tuna lokuta uku da saduwa ta yi masa daɗi ƙwarai, da uku da ba ta yi ba. Kada a rubuta abin da aka yi a kan gado. A rubuta abin da ke kewaye: ƙarfe nawa ne, awa nawa aka yi barci daren da ya gabata, ƙofa a kulle take ko a'a, an yi cacar baki a ranar, waye ya fara nema kuma da wane irin lafazi, waya na hannu ko an ajiye. Bayan kwana biyu a zauna a haɗa takardun.

Da na yi nawa, abin ya fito ƙarara. Duk lokutan nan uku masu daɗi da asuba ne ko da hantsi, bayan na samu barci. Duk marasa daɗin kuwa bayan sha ɗaya na dare ne, na wuni a tsaye, jariri ya wuni a jikina, fatata ma ta gaji da taɓawa. Shi kuma maigidana a takardarsa ya rubuta abin da ban taɓa zato ba: ba yawan saduwar ya fi damunsa ba, juya bayan da nake yi ba tare da ko kalma ɗaya ba shi ne ke sa shi kwana da baƙin ciki. Mun shafe wata bakwai kowa na jinyar ciwon da ɗayan bai san da shi ba.

Daga nan sai a duba jiki, domin ba komai ne daga zuciya ba. Mai shayarwa jikinta na samar da sinadarin firolaktin mai kawo nono, shi kuma yana danne estirojin, wato sinadarin jikin mace da ke kula da ni'ima da lafiyar farji. Idan estirojin ya yi ƙasa, ni'ima kan ragu, fatar farji ta yi laushi da saurin jin zafi, sha'awa ta ja baya. Yakan daidaita idan shayarwa ta ragu ko al'ada ta dawo. Irin wannan bushewar kan sake zuwa lokacin ɗaukewar al'ada, wanda ga yawancin mata yake faɗowa tsakanin shekara 45 da 55, sai dai na wannan lokacin ba ya wucewa da kansa, kuma likita na da maganin estirojin da ake sawa a wurin. Kafin nan, man santsi mai tushen ruwa da aka yi domin saduwa yana taimakawa sosai, kuma amfani da shi ba gazawa ba ce. A guji man shafawa ko duk wani mai maiƙo idan ana amfani da kwaroron roba, domin yana cinye robar ta yage.

Akwai kuma wani abu da ya kamata miji ya sani: jiƙewar gaba da sha'awar zuciya ba kullum suke tafiya tare ba. Mace na iya so ƙwarai amma ni'ima ta ƙi zuwa, tana kuma iya jiƙewa alhali ranta ba ya so. Bakinta za ka tambaya.

A kawo duk magungunan da ake sha a duba. Wasu magungunan ciwon damuwa, irin su fuluoksetin da satralin da faroksetin, sun shahara da rage sha'awa da jinkirta inzali ga maza da mata. Wasu na hawan jini kan raunana miƙewar gaba. Wasu matan kan ga sauyi bayan fara wata hanyar tazarar haihuwa, wasu kuma sha'awarsu ƙaruwa take yi saboda tsoron ciki ya kau. Kada kowa ya daina shan magani da kansa saboda wannan. A koma wurin wanda ya rubuta shi a faɗa masa gaskiya, sau da yawa akwai wanda za a musanya da shi. Barci ma ba abin rainawa ba ne. A wani bincike da aka buga a 2011 daga Jami'ar Chicago, an taƙaita barcin wasu samari lafiyayyu zuwa awa biyar a dare har mako guda, sinadarin testostiron ɗinsu, wato sinadarin maza mai alaƙa da sha'awa, ya sauka da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

Yanzu gare ka, ɗan'uwa. Miƙewar gaba aikin jini ne. Ƙwaƙwalwa ta aika saƙo, jijiyoyin jinin azzakari su saki jiki su buɗe, jini ya cika shi. Ɓangaren jijiyoyin kai saƙo da ke wannan aikin shi ne na natsuwa. Tsoro kuwa yana sakin sinadarin adirenalin, wanda ke matse jijiyoyin jinin. Shi ya sa idan abin ya ƙi sau ɗaya saboda gajiya, ka shiga karo na gaba kana fargaba kana leƙen kanka kamar mai gadi, fargabar ce da kanta za ta sake kayar da kai. Masters da Johnson sun kwatanta wannan da mutum ya zama ɗan kallo a shimfiɗarsa. Ga gwaji mai sauƙi: lafiyayyen namiji gabansa kan miƙe sau da dama cikin barci, shi ne wanda ake farkawa da shi da asuba. Idan wannan yana nan da ƙarfinsa amma a gaban iyali abin ke ƙi, akwai alamar damuwa ce ke taka birki. Idan kuwa na asubar ma ya ɓace, kuma raunin a hankali ya riƙa zuwa cikin watanni, je a auna maka suga da hawan jini da kitsen jini. Ina roƙonka kada ka yi wasa da wannan. Jijiyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka su ke fara nuna toshewa, wani lokaci shekaru kafin ciwon zuciya ya bayyana. Na ga mutanen da wannan ƙorafin ne ya sa aka gano ciwon sugansu. Taba sigari ma tana cikin manyan masu lalata waɗannan jijiyoyi.

Ƙwayar Viagra, wadda aka amince da ita a Amurka a 1998, da 'yan'uwanta, suna taimaka wa jini ya shiga ne kawai. Ba sa haifar da sha'awa, ba sa goge fushin da ke tsakaninku. Kuma duk mai shan maganin ciwon ƙirji na rukunin naitiret, kamar wanda ake sawa ƙarƙashin harshe, haɗa su na iya faɗar da jininsa har ya halaka. Haɗe-haɗen ƙarin ƙarfi da ba a san abin da ke ciki ba sun fi ba ni tsoro, domin an sha kama irinsu da wannan sinadarin a ɓoye ba tare da an rubuta ba. Idan gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa huɗu, asibiti za a nufa a daren, ba a jira safiya.

Sai maganar minti, wadda ta hana maza da yawa sukuni. A 2005 wani likita ɗan ƙasar Holan, Marcel Waldinger, da abokan aikinsa suka ba ma'aurata kimanin 500 a ƙasashe biyar agogon auna lokaci. Matsakaicin lokaci daga shiga zuwa inzali ya kama minti 5.4. Saurin kawowa da likitoci ke ɗauka matsala shi ne wanda ke faruwa cikin kusan minti ɗaya, kusan kowane lokaci, ba a iya riƙe shi, kuma yana damun mutum. Mai wannan zai iya koyon dabarar tsayawa da ci gaba, wadda likita James Semans ya bayyana tun 1956: idan ka ji kana dab da kawowa sai ka tsaya cak, ka ja numfashi har abin ya lafa, sannan ka ci gaba, sau uku kafin ka saki. Yana ɗaukar makonni kafin jiki ya koya, kuma sai da haɗin kan matarka.

Amma gaskiyar da nake so maza su riƙe ita ce ƙarin minti ba shi ne ke gamsar da yawancin mata ba. Cibiyar jin daɗin mace ɗan-tsaka ne, kuma abin da ido ke gani ɗan kansa ne kawai. Likitar Ostireliya Helen O'Connell ta nuna a 1998 cewa sauran jikinsa ya shimfiɗu a ciki, yana kewaye da bakin farji. Mata da yawa ba sa kaiwa inzali da shiga kaɗai sai an haɗa da taɓa wannan wuri, kuma hakan halitta ce. Matar da ta shekara goma ana gamawa a bar ta a rabin hanya, jikinta ya koyi darasi: wannan aiki ne, ba hutu ba. Ta yaya za ta yi marmarinsa? Wasan da ake ɗauka share fage ne, a wurinta sau da yawa shi ne ainihin tafiyar.

Idan tsoro ko ɗari-ɗari ya riga ya shiga tsakani, akwai atisayen da Masters da Johnson suka tsara wanda har yau masu ba da shawara ke amfani da shi. Ku yi yarjejeniya cewa na mako ɗaya ko biyu babu saduwa sam. A maimakon haka, sau biyu ko uku a mako ku keɓe minti 20 zuwa 30, ƙofa a kulle, waya a kashe. Ɗaya ya kwanta, ɗaya ya riƙa shafa jikinsa, baya, kafaɗa, hannu, ƙafa, ban da gaba da ƙirji. Sai a yi musanya. Babu abin da ake nema a cimma. Mai taɓawa ya lura da ɗumi da laushin fata, wanda ake taɓawa ya faɗi ko ya ja hannu zuwa inda ya fi masa daɗi. A mako na gaba a shigo da sauran wuraren, har yanzu ba tare da saduwa ba. Sai daga baya, idan duka biyun sun shirya. Hikimar tana cikin haramcin: da zarar an cire "dole sai an yi", birkin ya saki. Ma'aurata da yawa sukan dawo mini suna murmushi su ce sun karya dokar tun kafin wa'adi. Mu ma a namu, wannan ne ya dawo da ni.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai an yi magana, kuma wurin maganar ba kan gado ba ne bayan an ƙi mutum. A zaɓi lokacin da kowa ke cikin sutura da hankalinsa, gefe da gefe ya fi fuska da fuska sauƙi. A fara da kai, kada a fara da zargi. "Kin daina kula ni" ƙofa yake rufewa. "Ina kewarki, kuma idan kika juya baya ba ki ce komai ba sai in ji kamar ba kya so na" yana buɗe ta. Ke kuma idan ba za ki iya ba a daren, kada ki yi shiru ko ki yi barcin ƙarya. Ki ce, "Yau na gaji matuƙa, amma ina son ka. Riƙe ni mu yi barci, mu haɗu da asuba." Sannan ki cika alkawarin, ko ki faɗi dalili. Shi kuma wanda aka ce wa ba yau ba, yadda ya karɓi maganar shi ke yanke yadda gobe za ta kasance. Idan ya kumbura ya yi kwana uku ba ya magana, ya koya wa matarsa cewa kowace runguma bashi ce, daga nan ko hannunsa ba za ta yarda ta riƙe ba.

Kada ku ji nauyin sa rana. Wasu na ganin tsara lokaci yana kashe armashi, amma ga mai sha'awa irin ta garwashi, sanin cewa daren jibi namu ne yana ba ta damar rage aiki, ta yi barcin rana, ta kintsa zuciyarta. Babu kuma wani adadi da aka ƙayyade wa kowa a mako. Adadin da ku biyu kuka gamsu da shi shi ne daidai.

Akwai abubuwan da takarda da hira ba za su warware ba, waɗannan kai tsaye wurin likita. Zafi mai maimaituwa yayin saduwa, ko a baki ko can ciki. Matsewar gaba da ke hana shiga gaba ɗaya, wanda tsokokin wurin ne ke ɗaurewa ba da son mace ba, kuma yana warkewa da atisaye da kulawa. Zubar jini bayan saduwa, ko kowane jini bayan al'ada ta ɗauke. Ruwa mai wari, ƙaiƙayi ko ƙuraje. Ɗaukewar sha'awa da ta zo tare da baƙin ciki, rashin barci da rashin jin daɗin komai, musamman bayan haihuwa. Wanda kuma aka taɓa ci wa zarafi, mace ko namiji, ko da shekara talatin ne da suka wuce, jikinsa na iya riƙe abin, kuma akwai masana halayyar ɗan Adam da aikinsu ke nan. Idan za ku je, ku rubuta yaushe abin ya fara, ko kwatsam ya zo ko a hankali, da sunayen duk magungunan da ake sha har da waɗanda aka saya ba da takarda ba. In bakinku ya yi nauyi a gaban likita, ku miƙa masa takardar ya karanta da kansa.